Fort Jesus ta Mombasa: Kagarar da aka gina don tsoron teku, amma da ɗan gari aka riƙa cin ta

Me ya kawo gini mai sunan Annabi Isa, alaihis salam, a bakin tsohon garin Musulmi? Tambayar da mutane da yawa ke fara yi ke nan idan suka ga hoton Fort Jesus da ke Mombasa a ƙasar Kenya. Wasu kan ɗauka tsohuwar majami'a ce. Wasu kuma, musamman waɗanda suka san Elmina da Cape Coast a Ghana, sai su yanke hukuncin cewa kurkukun tara bayi ne. A 'yan shekarun nan maganar ginin ta sake tasowa saboda ruwan teku da ke cin gindinsa, da katangar da aka gina don tare shi, da kuma tsohuwar gardamar nan ta ko tarihin wane ne ake nunawa a ciki. Duk waɗannan ba za su fahimtu ba sai an koma ga dalilin gina shi, da yadda ya riƙa fita daga hannu zuwa hannu.

Wane irin gini ne?

Bahaushe ya san ganuwa, ya san badala. Ganuwar Kano ko ta Zariya gari take kewayewa, da gidajensa da kasuwarsa da gonakinsa, domin idan yaƙi ya zo kowa ya shige a rufe ƙofa. Fort Jesus ba haka take ba. Kagara ce, wato sansanin soja mai kauri da aka yi wa 'yan tsirarun mayaƙa da igwoginsu, mutanen gari kuwa suna waje. Wannan bambancin shi ne mabuɗin labarin gaba ɗaya. Waswahili, wato mutanen wannan gaɓar teku, ba sa wahalar da kansu da dogon suna, Ngome kawai suke ce mata, ma'ana kagara.

Turawan Fotugal ne suka gina ta daga 1593 zuwa 1596, a zamanin Sarki Filib na Biyu na Sifaniya, wanda a lokacin ya haɗa da mulkin Fotugal. Wani Ba'italiye, Giovanni Battista Cairati, shi ya zana ta. An ɗora ta a kan tudun dutsen murjani da ke bakin mashigar tsohuwar tashar jiragen ruwa, aka sassaƙe dutsen ya zama gindin bango, aka haƙa gwalalo marar ruwa ta ɓangarorin da ke kallon tudu. Tana da kusurwoyi huɗu da suka fito waje kamar kunnuwa. Hikimarsu ita ce, duk wanda ya jingina tsani a jikin bango ɗaya, masu harbi daga kusurwar da ke gefensa suna ganinsa sarai, babu lungun da zai laɓe. Sabon salon gini ne da Turai ta ƙirƙiro bayan igwa ta mai da dogayen siraran bangaye abin banza. Idan aka kalle ta daga sama, siffarta ta yi kama da mutum kwance rigingine, kansa wajen teku.

Sunan kuwa al'adar Turawan Fotugal ce ta lokacin. Suna sanya wa jirage da kagarai sunayen addini, jiragensu ma da alamar gicciye suke tafiya a jikin filafilai. Akwai ƙaramin ɗakin ibada a ciki domin sojoji, har yanzu ana ganin kufansa, amma ginin kansa na yaƙi ne. Musulunci ya riga shi zama a tsibirin Mombasa da ɗaruruwan shekaru. Ibn Battuta ya kwana a Mombasa a 1331, ya kuma tarar da mutanenta Musulmi ne 'yan mazhabar Shafi'iyya masu masallatai.

Abin da ya kawo su

Ciniki ne. Kafin zuwan Turawa, garuruwan gaɓar gabashin Afirka irin su Kilwa da Mombasa da Malindi da Pate suna cikin wata babbar kasuwa ta Tekun Indiya. Zinariya na fitowa ta Sofala, hauren giwa na fitowa daga cikin ƙasa, yadi na zuwa daga Gujarat, tangaran daga Sin. Vasco da Gama ya iso Mombasa a 1498 bai samu fuska ba, ya wuce Malindi, inda sarkin garin, abokin gabar Mombasa, ya karɓe shi. Tun daga nan Turawan Fotugal suka riƙe Malindi a matsayin aminiya, Mombasa kuma abokiyar gaba. Sun ƙone ta a 1505 ƙarƙashin Francisco de Almeida, suka sake auka mata a 1528.

Abin da ya tsorata su har suka yi gini shi ne zuwan wani kwamandan jiragen Turkawa, Mir Ali Bey, wanda ya biyo gaɓar a 1585, ya dawo a 1589, garuruwa da dama suka yi masa mubaya'a. An turo rundunar jirage daga Goa ta Indiya, hedikwatar Fotugal a gabas, aka kama shi. Amma darasin ya shiga: idan Turkawa suka samu gindin zama a Mombasa, hanyar Indiya ta shiga haɗari. Sai aka yanke shawarar kafa kagara, aka kuma ɗauko sarkin Malindi aka naɗa shi sarkin Mombasa, ya zauna a ƙarƙashin inuwar igwa.

A nan ne aikin kagarar na biyu ya bayyana. Ban da gadin teku, ita ce ke tilasta wa kowane jirgin fatake biyan kuɗin fito da ɗaukar takardar izinin Fotugal. Kyaftin ɗin kagara kansa ɗan kasuwa ne, shekaru ƙalilan ake ba shi ya tara abin da zai tara kafin a sauya shi. Mai irin wannan hali ba ya daɗewa bai ɓata da masu gari ba.

1631: baƙon da ya shigo ta ƙofa

Rikici ya ɓarke tsakanin kyaftin ɗin kagara da Sarki Hasan bin Ahmad, har ta kai an kashe sarkin a 1614 da hannun Turawan a ciki. Ɗansa Yusuf, yana ƙaramin yaro, aka ɗauke shi zuwa Goa, limaman Kirista suka rene shi, aka yi masa baftisma da sunan Dom Jerónimo Chingulia. Da ya girma aka dawo da shi aka ɗora a gadon ubansa, da tunanin an samu nasu. Mutanen gari ba su yarda da shi ba don ya bar addini, Turawan ma ba su ɗauke shi a bakin komai ba. An ruwaito cewa an gan shi yana addu'a irin ta Musulmi a kabarin mahaifinsa, labari kuma ya kai kunnen kyaftin, wanda ke da ikon tura shi Goa a tuhume shi da ridda daga Kiristanci.

A watan Agustan 1631, ranar wani bikin addini, Yusuf ya shiga kagarar da mutanensa kamar mai ziyara. Aka kashe kyaftin Pedro Leitão de Gamboa, aka mamaye sojojin da ke ciki. A kwanakin da suka biyo baya an kashe Kiristocin garin kusan 150, har da mata da yara da 'yan Afirkan da suka ƙi barin addinin. Wannan ɓangaren ba ya wankuwa, kamar yadda kisan mahaifinsa ba ya wankuwa. Abin lura shi ne, ginin da aka kashe dukiya don ya jure wa igwar Turkawa ya faɗi a yini guda ba tare da an harba masa ko ɗaya daga teku ba. Rundunar da aka turo daga Goa a 1632 ta yi ta fama ta kasa ƙwace shi daga hannun Yusuf, ta juya. Shi da kansa ne daga baya ya rushe abin da ya iya rushewa ya bar garin. Wanda ya tsaya a ƙofar shiga yau, idan ya ɗaga kai, zai ga allon dutse mai rubutun Fotugal da ke ɗauke da shekarar 1635, inda sabon kyaftin, Francisco de Seixas Cabreira, ya lissafa gyaran da ya yi da garuruwan da ya hukunta.

Wata 33 a cikin ƙawanya

Wannan shi ne babin da ya fi kowanne nauyi, kuma ba a gane shi sai an san iskar Tekun Indiya. Jiragen wancan zamani da iska suke tafiya. Daga wajen Nuwamba zuwa Maris iskar da Waswahili ke kira kaskazi tana busowa daga arewa maso gabas, ita ke kawo jirage daga Indiya da Larabawa. Daga Afrilu zuwa wajen Oktoba sai ta juya ta zama kusi, ta mai da su. Ma'ana, wanda aka tsare a Mombasa, idan ya aika neman agaji Goa, sai ya jira lokacin iska. In damar ta wuce, sai baɗi.

Larabawan Oman, ƙarƙashin imaman gidan Ya'aruba, sun kori Fotugal daga Maskat a 1650, suka gina rundunar jiragen ruwa mai ƙarfi, garuruwan Waswahili kuma suka riƙa aika musu da kuka. A watan Maris na 1696, zamanin Imam Saif bin Sultan, jiragensu suka iso Mombasa. Mutum kusan 2,500 ne suka fake a kagarar da gwalalonta. Turawa a cikinsu ba su kai ɗari ba. Sauran Waswahili ne da sauran 'yan ƙasa masu ƙawance da Fotugal, yawancinsu Musulmi. Wannan kaɗai ya isa ya rushe fassarar da ake yawan yi cewa yaƙin Musulmi da Kirista ne tsantsa. Gabar da ke tsakanin garuruwan gaɓar, da lissafin wa zai fi sauƙin haraji, sun yi tasiri ƙwarai.

Omaniyawa ba su da igwar da za ta fasa bangon, don haka suka zauna jira. Agajin da ya iso a ƙarshen 1696 bai kore su ba, sai annoba ta ɓarke a ciki. Mutane cunkushe a fili ɗan kaɗan, abinci ya ƙare, ruwa na tanki. Kafin tsakiyar 1697 Turawan sun kusa ƙarewa, ba da daɗewa ba kwamandansu ma ya mutu. Wanda ya riƙe kagarar Sarkin Fotugal na tsawon makonni, babu Bature mai ba da umarni, wani basarake ne Musulmi daga garin Faza da ke tsibirin Pate, Bwana Daud, tare da 'yan tsirarun danginsa da mata kusan 50 da aka koya wa riƙe bindiga. Duk lokacin da na tuna wannan labari, matan nan ne ke tsaya mini a rai. Babu wanda ya rubuta sunan ko ɗaya daga cikinsu, alhali da hannunsu ginin ya ƙara shekara guda.

A ƙarshen 1697 wani jirgin yaƙin Fotugal, Santo António de Tanna, da ya kawo ɗauki, ya nutse a gaban kagarar. Sabbin sojojin da aka sauke su ma cuta ta bi ta kansu. Ranar 13 ga Disamban 1698 Omaniyawa suka kafa tsani da dare suka hau, suka tarar da mutum goma sha wani abu kacal. Bayan 'yan kwanaki rundunar agaji ta iso daga Goa, ta hango jar tutar Oman tana kaɗawa a kan bango, ta juya.

Daga Mazru'i zuwa gidan yari

Fotugal ta sake dawowa a 1728, lokacin da rikici ya raba kan Omaniyawa, sojojin kagara suka yi bore. Ba ta cika shekara biyu ba mutanen gari suka yi mata ƙawanya, yunwa ta fitar da ita a 1729, ba ta kuma dawowa ba. Da ɗan gari kan ci gari.

Gwamnonin da Oman ke naɗawa daga gidan Mazru'i su ma ba su daɗe suna biyayya ba. Da mulki ya koma hannun gidan Busa'idi a Oman a tsakiyar ƙarni na 18, Mazru'awa suka ce ba su san zancen ba, suka riƙe Mombasa kusan shekara ɗari, kagarar ta zama fadarsu. Sun ƙara tsayin bango, sun gina ɗakuna da zauren baƙi. Da Sarkin Oman Sayyid Sa'id ya matsa musu, sai suka nemi Ingila ta ba su kariya, wani kyaftin ɗin jirgin ruwa, William Owen, ya kafa tutar Ingila a 1824, gwamnatinsa ta ƙi amincewa aka sauke ta a 1826. Abin da ya kayar da su a 1837 shi ne rikicin gado a cikin gida, da juya bayan da manyan ƙabilun Waswahilin garin suka yi musu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Aka kama manyansu aka yi gudun hijirar dole da su.

Sau ɗaya ne za a ce wuta daga teku ta yi aikin da aka gina kagarar don hanawa. A 1875 kwamandan sojojinta, wanda ake kira al-Akida, ya yi wa Sarkin Zanzibar, wanda kagarar ke ƙarƙashinsa a lokacin, tawaye, jiragen yaƙin Ingila suka yi mata ruwan wuta har ya miƙa wuya. Zuwa lokacin igwa ta riga ta wuce zamanin bangon murjani. Masu lissafi sun ce tsakanin 1631 da 1875 ta sauya hannu aƙalla sau tara.

A 1895 Ingila ta karɓi mulkin yankin, ta mai da ginin gidan yari. Haka ya zauna shekara 63. Ga kakannin mutanen Mombasa na yau, Ngome wuri ne da ake kai mutum a ɗaure.

To batun bayi fa?

A nan ake yawan haɗa abu biyu. Turawan Fotugal ɗin ne suka gina Elmina a 1482, shekara 111 kafin Fort Jesus, kuma Elmina ta rikiɗe ta zama rumbun tara mutane kafin a tsallaka da su Tekun Atlantika, da ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da ƙofar da ba a dawowa. Fort Jesus ba don wannan aka tsara ta ba, kuma ba shi ne babban aikinta ba. Amma kada wannan ya sa a wanke gaɓar. An yi cinikin bayi a gabashin Afirka, ya kuma ƙaru sosai a ƙarni na 19, babbar kasuwarsa tana Zanzibar har aka rufe ta a 1873. Bayi sun yi noma a gonakin attajiran Mombasa, sun yi hidima a cikin kagarar kanta. A 1875 aka kafa Frere Town a tsallaken ruwa domin 'yantattun bayi, kuma sai a 1907 aka soke bauta a dokance a gaɓar Kenya. Duk wanda ya riƙe kagarar ya ci moriyar wannan tsari, ko da ba a cikinta ake ciniki ba.

Yadda ta zama gidan tarihi, da gardamar da ta biyo baya

A 1958 gwamnatin mulkin mallaka ta kwashe fursunoni, ta ayyana wurin a matsayin gandun tarihi na ƙasa. Gidauniyar Gulbenkian da ke Lisbon ta ba da kuɗin gyara, masanin tona ƙasa James Kirkman ya jagoranci aikin daga 1958 zuwa 1971. An rushe ɗakunan kurkuku, aka gina zauren nune-nune a inda barikin soja yake, aka buɗe shi a farkon shekarun 1960. Yau Hukumar Gidajen Tarihi ta Kenya ke kula da shi, UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma ta sanya shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2011.

Abin da ke ciki ya cancanci gani. Akwai tangaran na Sin da na Farisa da aka tono a garuruwan gaɓar, da kayan da masu ninƙaya suka ciro daga Santo António de Tanna tsakanin 1977 da 1980. Amma abin da ya fi kama ido wani ɓangaren bango ne da wasu sojoji ko matuƙan Fotugal suka yi wa zane da gawayi a farkon ƙarni na 17: jirage da filafilansu, kifaye, majami'u, mutane da takubba, har da hawainiya. Zanen ba na gwani ba ne. Hannun saurayi ne da aka jefa nesa da gida, yana kashe lokaci yana jiran iska ta juya.

Gardamar ita ce, wa ginin yake wakilta? Fotugal na kallonsa a matsayin abin alfaharin zamanin da take mulkin teku, hujjar UNESCO ma ta fi karkata ga fasahar ginin soja ta Turai. Oman na ganin shaidar nasararta, akwai ma wani gida a ɗaya daga cikin kusurwoyin da ake kira Gidan Oman, inda ake nuna kayan al'adunta. Waswahili kuwa na cewa kakanninsu ne suka fasa dutsen, suka ƙona murjani ya zama farar ƙasa, suka mutu a ciki da wajen bangon a kowane yaƙi. Kirkman da tsararsa sun ɗauki garuruwan gaɓar a matsayin aikin Larabawa baƙi, sai binciken da aka yi daga baya a wurare irin su kufan garin Shanga ya nuna tushensu na Afirka ne, wanda ya cuɗanya da baƙi ta hanyar aure da ciniki. A ganina masu wannan ƙorafi suna da gaskiya. Mulkin Fotugal a kagarar bai wuce shekara ɗari da 'yan kai ba cikin sama da ɗari huɗu. Kuma rushe ɗakunan kurkuku, ko da ya fito da kyan ginin asali, ya share babin da ya fi kusa da rayuwar talakan garin.

Teku, da mutanen da ke ci daga jikin bangon

Yanzu barazanar daga teku take zuwa da gaske. Dutsen murjani yana da ramuka kamar soso, igiyar ruwa na cin gindinsa, gishiri na shiga bango yana ɓarfasa shafe, hawan ruwan teku kuma na ƙara tsananta abin. A 2017 aka fara gina katangar kankare a gabansa. Aikin ya jawo ce-ce-ku-ce, domin ya haɗa da cike wani yanki na bakin ruwa da ƙasa. Masu goyon baya suka ce in ba a yi ba kusurwoyin da ke kallon teku za su zube. Masu suka suka ce kagarar da aka san ta da ƙafa a cikin ruwa an raba ta da ruwan, kuma a garin da aka sha ganin filin jama'a ya koma hannun masu hali, dole a tambayi wa zai mallaki sabon filin.

Ga mutumin Tsohon Gari lissafin a fili yake. Masu yi wa baƙi jagora, direbobin tuk-tuk, wato a-daidaita-sahu, masu sayar da sassaƙa da yadin kanga, da dattawan da ke dafa kahawa chungu, gahawa mai ɗaci da ake sha da yamma a gindin bango, duk daga baƙin kagarar suke samu. 'Yan makaranta daga sassan Kenya na zuwa mota-mota, kuɗin shiga na ɗan ƙasa kuma bai kai na baƙo ba. Sai dai yawancin masu yawon buɗe ido a otal-otal na bakin teku suke kwana, su zo su yi awa biyu su koma, kuɗin da ke sauka a unguwar kaɗan ne. Tun da babbar tashar jirage ta koma Kilindini, a ɗaya gefen tsibirin, Tsohon Gari ya rasa cinikin da ya gina shi. Dokar kiyaye gine-ginen tarihi ta hana mai gida rushewa ko sauya fuskar gidansa yadda ya ga dama, gyara da farar ƙasa da katakon sassaƙa irin na da kuwa yana da tsada. Shi ya sa mai tafiya a titin Ndia Kuu, 'yan taku kaɗan daga ƙofar kagarar, zai ga barandar katako ta sunkuya, an tokare ta da sanda, iyali kuma suna zaune a sama.